Ku Tambayi Baba Mai Bishara: Bakina Ya Ƙi Buɗuwa a Majami'a

Salama gare ku. Wasiƙu bakwai suka iso ni wannan wata. Biyar jikana ne ya karanto mini su daga waya, biyu kuma a takarda suka zo ta hannun direban motar kasuwa, ɗaya har da ɗigon manja a bayanta. Uku zan ɗauka. Ta farkon ta hana ni barci kwana biyu, don haka ita za ta ci mafi yawan filin. Sauran ku yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa, in Ubangiji ya bar mu.

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni mace ce mai 'ya'ya huɗu. A daminar 2022 ruwa ya cinye mana shinkafa da gero, ya rusa mana ɗaki biyu, muka yi kusan wata guda a makarantar firamare. Da ruwa ya janye maigidana ya tafi ci-rani don mu biya bashin taki. Shekara biyu yana zuwa yana dawowa, a zuwa na ƙarshe ya dawo da tari, bai tashi ba. Yanzu yayyensa suna maganar gonar fadama. Baba, ni ce mai buga tulu a Zumuntar Mata tun ina amarya, amma yau in aka tayar da waƙa bakina ba ya buɗuwa. In na durƙusa addu'a ba abin da ke fitowa. Wata uwa a cikinmu ta ce mini ruwa ba ya tsami banza, in bincike kaina. Na bincika har na gaji. Allah ya rabu da ni ne? Kowa cewa yake in yi bege. A ina ake samo shi?

'Yarka daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jigawa

AMSA

'Yata, ya haƙuri? Ya yaran? Ubangiji ya ta'azantar da ku.

Bari in fara da uwar nan mai karin magana, don maganarta ƙaya ce, in ba a cire ta ba duk abin da zan faɗa a kan gyambo zai sauka. Ruwan da ya ci gonarku na san inda ya fito. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shekarar kuwa sama ta zubo ruwa fiye da abin da kogi zai iya ɗauka, ƙasarku kuma shimfiɗaɗɗiya ce, can ƙasa ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ringim, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, duk an sha. Ruwan bai tsaya ƙofar gida yana tambaya nan gidan mai zunubi ne ko na mai tsarki ba. Ya ci gonar liman, ya ci ta fasto, ya ci ta wanda rabonsa da ambaton Allah tun ranar sunansa.

Irin wannan lissafi na uwar taku tsoho ne, kuma an riga an kai shi gaban Yesu. A Yohanna sura 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka ce laifin wa, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba na kowa ba. A Luka 13 ya kawo labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa ya ce a'a. Abokan Ayuba kuwa, kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan ne kaɗai aikin kirki da suka yi a littafin. Da suka buɗe baki sai suka shiga cewa ruwa ba ya tsami banza, sura bayan sura. Ki sa a karanta miki Ayuba 42:7. Da Allah ya tashi yin fushi, da su ya yi, su masu kāre shi, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban nan fa shi ne wanda ya la'anci ranar da aka haife shi. Kada ki riƙe uwar nan a zuci. Tsoro ne ke magana a bakinta: in wahala tana iya sauka a kan marar laifi, to ita ma ba ta tsira ba, shi ya sa ta gwammace a ce laifinki ne.

Yanzu maganar bakinki. Zan gaya miki abin da ban cika faɗa a kan bagade ba.

A bazarar 1996 sanƙarau ya shigo ƙasar Kano. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba sa bukatar in tuna musu. Ina mai bishara a wani ƙaramin ƙauye a kudancin Sumaila, majami'armu ta jinka ce, mutum talatin ne in an cika. 'Yata ta biyu, shekararta tara, ta dawo daga ɗiban ruwa ta ce kanta na ciwo. Da dare wuya ya sanƙare. Na goya ta a keke da asuba zuwa bakin titi, muka jira mota har rana ta take. Ba ta kwana biyu ba. Ran Lahadi aka buga ƙarfe, jama'a suka taru, ni ne kuma zan yi wa'azi, don babu wani. Na tsaya na buɗe Littafi, idona ya sauka a Zabura 88. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, na rufe, na zauna. Wa'azin ke nan.

Kin san abin da ya sa na riƙe zaburar nan? Yawancin zaburoyin kuka, ko ta yi zafi kamar Zabura 13 mai tambayar har yaushe, a ƙarshe takan juyo ta yi yabo. Ita 88 ba ta juyowa. Da duhu ta ƙare. Amma ga ta nan zaune a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya yage ta. Na ce a raina, ashe Allah ya tanadi shafi domin mutumin da ba shi da amin ɗin faɗa. Na yi kusan wata biyar ba na iya addu'ar kaina. Ina yi wa marasa lafiya, ina yi a kan abinci, amma in na shiga ɗaki ni kaɗai sai in zauna a bakin gado in ce "Uba", shi ke nan, sauran ya maƙale. Daga baya na gane Romawa 8:26 ba ado ba ce, inda aka ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa ke roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Durƙuson da kike yi ba abin da ke fitowa, ki ci gaba da yinsa. Wanda ya rabu da Allah ba ya durƙusawa, ba ya kuma ɓata takarda yana tambaya ko Allah ya rabu da shi. Ubangijinmu ma a kan gicciye tambayar da ta fito daga bakinsa ke nan, don me ka yashe ni. Ba a lasafta masa ita zunubi ba.

Ki je sujada. Ki zauna a bencinki. In ba ki iya waƙa ba ki bar na kusa da ke su yi, ai ke ma kin yi wa wasu shekara da shekaru. Tulun kuma ki ba wata ta riƙe miki, amma ki ce mata aro ne.

Sai tambayarki ta ƙarshe, a ina ake samo bege. Kalmar kanta tana rikita mutane. A Hausar kasuwa, in an ce mutum yana bege, ana nufin kewa ta dame shi, zuciyarsa na wurin wanda ba ya nan. Tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Likita Mila na Zariya ya yi aiki a kanta, ta yi amfani da kalmar da ma'anar da muke nufi a majami'a. Fassarar da ta zo daga baya ta fi son "sa zuciya". Ni ina son su duka biyun, don in kika haɗa su za ki ga bege bai hana ciwo ba, da ciwonsa yake tafe. Masu cewa ki yi bege, yawancinsu nufinsu ki saki fuska don su samu sauƙin zama kusa da ke. Wannan ba dole ba ne a kanki.

Abin da ni na sani game da bege, a wurin mahaifiyata na koye shi, tun ba ta san Yesu ba.

Mu gidan Maguzawa ne, babban gida mai sassa da yawa, rumbuna a jere a bayan gida. A 1973 ina ɗan shekara 18, ruwa ya ɗauke. Shekarar da ta gabata ma ba a samu abin kirki ba. Gero ya fito ya yi kai ya tsaya, dawa ta bushe a tsaye. Tsofaffi suka shiga ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914 da iyayensu suka gani, wai har gidan tururuwa aka riƙa tonawa don tsabar da ta tara. Mu ba mu kai can ba, amma mun ci dusa, mun ci tafasa da rama ba ƙuli, an sayar da awaki a kuɗin kaza. A cikin wannan hali Inna ta zaɓi zangarniyar gero mafi kyau daga ɗan abin da aka samu, ta sussuka, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Kowa a sashenmu ya san yana nan. Akwai daren da ƙanena ya yi ta kukan yunwa har muryarsa ta dushe, na ce, Inna, ko tiya ɗaya a buɗe a dama masa kunu. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ba a cin iri." Na ji haushinta ƙwarai daren nan. Sai da na girma na tuna cewa tana faɗa hawaye na zuba a kan zanenta.

Da bazara ta zo, hadari bai ko haɗu ba, Baba ya ce a fita a yi binne. Ke manomiya ce, kin san binne: a sa iri a busasshiyar ƙasa a rufe, a dawo gida a jira. In ruwa ya zo da ƙarfi an riga kowa. In yayyafi ya yi ya tsaya, iri ya tsira ya ƙone, an yi asara. Inna ta fasa lakar, ta ba mu rabi, ta mayar da rabi. Muka fita da ciki wayam muna zuba abinci a cikin ƙura. Ba wanda ya yi waƙa ranar. Da na zo na karanta Zabura 126 bayan shekaru, inda aka yi maganar mai fita yana kuka yana ɗauke da iri, na ce wanda ya rubuta wannan ya taɓa yin binne.

To, 'yata, ba a zuciya Inna ta ji begen nan ba. Zuciyarta tsoro ne fal. A hannunta yake, hannun da ya liƙe tulu ya kuma ƙi buɗewa. Ke ma kina da shi ba ki sani ba. Wa ya tashi yau da safe ya hura wuta? Wa ya tura yara makaranta? Mace mai 'ya'ya huɗu da ta binne miji, ta kuma tashi ta ɗora tukunya, binne take yi.

Bambancin da ke tsakanin Inna a lokacin da mu yanzu shi ne mun san wanda muke jira. Ba zan yi miki ƙarya in ce baɗi rumbunki zai cika ba. Ban sani ba, duk wanda kuma ya ce miki ya sani, ki riƙe jakarki da kyau. Bayan farin nan ma, a 1975, cuta ta faɗa wa gyaɗa ta gama da ita, dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. 'Yata ba ta dawo ba. Annabi Habakuk a ƙarshen littafinsa ya lissafa ɓaure da bai yi toho ba, gonaki ba abinci, garke ba tumaki, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah, bai kuma ce tumakin sun dawo ba. Abin da aka ba mu riƙo shi ne kabari guda da aka samu wayam a rana ta uku. Bulus a 1 Korintiyawa 15 da harshen manoma ya yi bayaninsa, ya ce abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu. Ranar da na sa 'yata a rami ban ji daɗin ayar nan ba ko kaɗan. Yau shekara kusan talatin, ita nake tashi da ita. Maigidanki an shuka shi ne.

Akwai kuma abin da na lura da shi a wasiƙarki: ba ki ambaci wanda ya taimake ki ba, ba ki kuma ce kin nema ba. Ina jin kunya ce. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya fara kawo bishara gidanmu. Kuturta ta kama shi, aka ware masa ƙwarya da bukka a bayan gida, daga baya ya tafi asibitin kutare da 'yan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, suke kula da shi a Yadakunya, kusa da birnin Kano. Ya dawo bayan shekaru, cutar ta tsaya, yatsu sun tafi, amma ya iya karatu. Da igiya ake ɗaura masa fartanya a hannu ya yi noma. Yakan ce sunan garin nan shi ne wa'azin farko da ya ji: ya da kunya. Sai da ya yar da ita ya miƙa dungunsa aka wanke masa. Na'omi ma da ta koma Baitalami ta ce kada a ƙara kiranta Na'omi, a ce mata Mara, don Mai Iko Dukka ya ɗaɗɗaci ranta. Ba wanda ya tsawata mata. Amma abincin da ya rayar da ita daga kala ya fito, kalar da Rut ta je ta yi a gonar wani, bisa dokar da ta ce mai gona ya bar gefen gonarsa domin matalauci da baƙo. Allah bai jefo musu buhu daga sama ba. Ta hannun mai gona ya bi.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki je wurin Mama Fasto ki gaya mata abin da ya rage a rumbu, da tiya, ba da "muna nan dai" ba. Ki nemi dattawan ikilisiya su sa miki ranar gayya kafin shuka. Maganar fadama kuwa kada ki zauna da yayyen mijinki ke kaɗai. Ki tafi da dattijo biyu da wani namiji daga gidanku, a zauna gaban mai unguwa ko dagaci, a faɗi rabon marayu a fili, a rubuta, kowa ya sa hannu. Yin haka ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuma rashin kunya ga dangin miji ba ne. Tarin da ya ɗauki maigidanki ma yana damuna. In ya daɗe yana yi, yana rama, yana zufa da dare, ki kai yaran da ke kanki a gwada ku a asibiti, domin tarin fuka yana yaɗuwa a ɗaki, yana kuma warkewa in an sha magani wata shida ba fashi, maganin kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. In kuma barci ya ƙaurace miki makonni, abinci ya ƙi shiga, ko zuciya ta fara raya miki cewa gara ki bi shi, kada ki kwana da wannan ke kaɗai, ki faɗa wa Mama Fasto a ranar, ku je asibiti tare. Annabi Iliya ya taɓa kwantawa a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba, cewa ya yi tashi ka ci, ya bar shi ya sake barci, ya sake tashinsa ya ci.

Ku kuma dattawan wannan ikilisiya, in kuna karanta mujallar nan, kun gane 'yar da nake nufi. Ikilisiyar farko a Ayyukan Manzanni sura 6, rigimarta ta fari a kan abincin gwauraye ce, kuma manzanni ba su ce a je a yi azumi ba, mutum bakwai suka sa aka zaɓa don rabon. Dawar baikon godiyar kaka da kuke sayarwa don sayen kwanon rufi, ku ware dami goma tukuna. Kwano zai jira.

Ki sake rubuto mini bayan shuka, 'yata. Ina so in ji wa ya zo gayyar.

TAMBAYA

Baba, na gama NCE shekara huɗu ba aiki. Ina acaɓa da babur ɗin haya, da aka cire tallafin mai abin ya gagara, na mayar wa mai shi. Wani mai wa'azi da nake saurara a waya ya ce duk wanda ya shuka iri na naira dubu hamsin a hidimarsa, ƙofarsa za ta buɗe cikin kwana 21. Ba ni da komai sai akuyar mahaifiyata mai ciki. In na sayar na aika, bangaskiya ce?

Ɗanka daga ƙasar Tudun Wada, Kano

AMSA

Ɗana, ka bar akuyar nan inda take ɗaure. Da farko ma ba taka ba ce.

Na san abin da ya same ka, ba kai kaɗai ba ne. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, samari nawa ne suka jingine babur a ƙauyukanmu. Mutum in ya matsu, duk wanda ya nuna masa ƙofa sai ya bi. Masu irin wannan wa'azi sun san haka, shi ya sa kasuwarsu ta fi ci a lokacin tsanani.

Amma kai ɗan manomi ne, ka yi tunani. Ka taɓa ganin an shuka iri a aljihun wani ya tsira a gonarka? Kalmar nan da ya ara ta iyayenka ce, ya ɗauke ta ya juya ta. Akwai wani Siman a Samariya da ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka karanta amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8:20, ba ta da daɗin ji. Baiko da zakka kuwa muna bayarwa don godiya, daga abin da muka samu, a ikilisiyar da ta san sunanmu, wadda za ta zo jana'izarmu. In kwana 21 ɗin suka cika ba abin da ya buɗe, ka san abin da mutumin nan zai ce? Bangaskiyarka ce ta yi kaɗan, ka ƙara. Sai ka wayi gari ba akuya, ga kuma laifi a kanka.

Mutanen da suka fara tahowa da niyyar kawo bishara ƙasar nan a ƙarƙashin SIM su uku ne, sun sauka Legas a ƙarshen 1893. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans da Kent, ba su kafa ko majami'a ɗaya ba. Na ukun, Bingham, ya koma gida, sai 1902 aka samu kafa tashar farko a Patigi. In da kwana 21 ne ma'aunin Allah, da waɗannan duk an ce ba su da bangaskiya.

Kana kusa da Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga ke bi ta magudanai ana noman rani. Lokacin tumatir ana neman hannu a gona, ana neman masu lodi a Kwanar Gafan. Ka je. Na san za ka ce mai NCE da ɗaukar kwando? Bulus da duk iliminsa ɗinkin tanti ya yi a Korinti. Da yamma kuma ka tara yaran unguwarku a inuwar majami'a ka koya musu karatu da lissafi, iyaye su ba ka abin da suka iya, ko tiyar masara ce. Takardarka ba ta ruɓewa, ka ci gaba da neman aikin. Akuya in ta haihu, ka roƙi Innarka ta ba ka ɗiya guda kiwo.

TAMBAYA

Baba, rumbunmu ya ƙare tun kafin marka. Maƙwabcinmu Musulmi, wani Alhaji da muka yi iyakar gona da shi, ya aiko mana da dami biyu na dawa. Wani dattijo ya ce bai kamata mu ci ba, wai zai raunana shaidarmu. Matata ta riga ta surfa rabi. Yaya za mu yi?

Ɗan'uwa daga ƙasar Roni, Jigawa

AMSA

Ta surfa sauran.

Ɗan'uwana, ka gaida mini dattijon, ka tambaye shi dami nawa shi ya aiko. Ba da gatse ba, cikin ladabi.

Iliya a shekarun fari a gidan wata gwauruwa ta Zarefat aka ciyar da shi, ba kuwa Ba'isra'iliya ba ce, Yesu da kansa ya tuna wa mutanen Nazarat wannan har suka fusata. A misalin mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka a hanyar Yariko, wanda ya tsaya Basamariye ne, ba mu kuma ji wanda ke kwance ya ɗaga kai ya tambayi addininsa ba. Alhajin nan ya yi abin da maƙwabci ke yi. Ka sa rigarka mai kyau ka je har zaurensa ka yi godiya, ka sa masa albarka, kada ka aiki yaro.

A shekarar da na rasa 'yata, wanda ya tsayar da motarsa ta itace ya ɗauke mu a bakin titi, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya kuma dawo bayan kwana uku ya yi mini gaisuwa, wani malami ne mai almajirai daga ƙauyen gabas da mu. Har ya rasu duk Kirsimeti ina aika masa da shinkafa da zakara mai rai, don ya yanka da hannunsa, shi kuma duk babbar sallah cinyar rago tana iso ni. 'Ya'yansa sun ci gaba. Bana ma ta zo, sai dai haƙoran da zan ci ta da su ne suka ƙare, jikoki suka cinye.